Motar da Ba a Ƙera Ba

Ƙarfe biyun dare a Aboabo,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
daga ni sai sauro sai kwamfutar aro.
Alhaji Gariba ya ce kafin Juma'a
yana son duniya ta ga mota ɗari uku da sunansa,
alhali sha ɗaya ce a garejin,
biyu ma a kan dutse suke zaune.

Sai na leƙa rumbun Boakye.
Ba kwaɗo, ba kare, ba maigadi.
Lambar inji, shekarar ƙira, nisan da ta ci,
hoton gaba, hoton baya,
na tara bokiti kamar mai taren ruwa a bakin indararo.
Na ce da zuciyata: lamba ai ba ta da uba.
Boakye ne ya ƙera ƙarfen?
Abin da aka shanya a bakin hanya,
ina laifin ido?
Ta ce: gani daban, naɗewa daban.
Na juya mata baya.

Na san shi fa.
Gajere, mai furfura a gira.
Shekara bakwai yana rarrafe a Suwame Magazin,
tocila a baki, baƙin mai har gwiwar hannu,
yana goge tsatsa da yawu
don ya karanto lamba ɗaya tak.
Abin da ya tara da ciwon baya
na kwashe kafin shayina ya huce.

Ashe a garken akwai wadda ba a taɓa ƙerawa ba,
wata koriya, mai kyan fuska,
lambarta ranar haihuwar mahaifiyarsa.
Tarko ya ɗana, ya je ya yi barcinsa.
Kwana tara ta yi a wajenmu
da lambar wayarmu a goshinta.

Ita Malama Rahinatu ta gani daga Tafo.
Ta kwashe adashinta, sidi dubu biyu, kafin alƙalami.
Ta zo a motar haya da ɗanta,
yaron na wasa da maƙalin makulli sabo fil.
Alhaji ya ce, "Tana hanya daga Tema."
Ni na kalli silifas ɗina.

Takardar lauya ta iso ran Talata, da hatimi ja.
Namu lauyan ya zare tabarau, ya ce:
"Shekarar mota ta kowa ce, wannan ma iya gardama.
Amma hoton fa? Jerin fa, da wahalar tsara shi?
Da sharaɗin da ka danna ka yarda
ba ka karanta ko layi ɗaya ba?"
Alhaji ya ɗaga hannu biyu:
"Yaron nan ne. Ni ko kunna ta ban iya ba."
Ran nan na san nauyin sunana, Mumuni,
ba wanda ya kama mini.

Baba Issaka tela bai karanta doka ba.
Yana cizon zare ya ce:
"Ruwa na Allah ne, ɗana,
amma igiya da guga na mai rijiya ne.
Da ka yi sallama, wataƙila ya ce ɗebi."
Wannan wataƙilar ce ta hana ni barci,
ba hatimin ba.

Na goge ɗari biyu da tamanin da tara.
Allon ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.
Kuɗin Malama an mayar da rabi,
sauran, in ji Alhaji, sai ƙarshen wata,
bai faɗi wane wata ba.

Yau na ari tocila.
Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashin ta farko.
Tsatsa na zubo mini a ido,
lamba ta bakwai ta ƙi fitowa,
ko uku ce, ko takwas.
Na tofa yawu, na goga.
Saura mota goma.