Sawun Ƙanƙara

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da ƙanƙara a Idi-Araba,
ban taɓa jin an ce tana tafiya ba
sai daren da Hajjo ta dawo daga Akoka
da wani hoto a wayarta.

Ta ce, Baba, duba.
Wani tsauni ne can gabas, kansa fari fat kamar na kakana.
Daga ƙasa duwatsu sun jeru, kunya bayan kunya,
kamar an yi huɗa aka fasa shuka.

Na ce, wa ya nome nan?
Ta ce, ƙanƙara.
In duniya ta yi sanyi sai ta gangaro
tana tura tsakuwa da ƙirji.
In zafi ya zo ta ja da baya,
ta bar kayan a inda ta gaji.
Kowace kunya zango ce.
Mu namu mu ɓalli ɗan dutse,
mu tambaye shi yaushe rana ta fara ganinsa.

Na yi dariya. Dutse da baki?
Kuɗin makarantar da nake biya ke nan?

Washegari da la'asar na ɗaga buhu.
Ga guntun ƙanƙara a kan siminti,
ga garin katako ya yi mata zobe uku.
Nan take da asuba.
Nan da hantsi, lokacin da Iya Morufu ke taya kifi.
Nan da azahar.
Ta gefen ƙofa babu zobe ko ɗaya:
nan na turo sabuwa babba, ta share sawun ta farko.
Na tsuguna na daɗe.
Kullum sharewa nake da tsintsiya,
ashe rubutu ne.

Ruwan kuwa ya bi kwata,
kwata ta kai shi inda take kai komai.

Sai na tuna Tanimu mai tsire a bakin teku.
Sau biyu yana matsar da tukubarsa,
inda ya fara kafa ta yanzu sai kwalekwale.

Da dare na ce, Hajjo,
wadda ta bar tsaunin can, ita ce ta biyo mu nan?
Ta buɗe baki ke nan aka ɗauke wuta.
Na miƙe a cikin duhu, ina laluben buhu,
in ƙara rufe abin da ya saura.