Gashin da ke Jiran Ɗumi

Ƙarfe uku na yamma a Umeya, rana ta riga ta faɗi.
Tuva ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta,
ta ciro faranti biyu:
ɗaya ya kwana a sanyin ɗaki,
ɗaya a akwatin da ke kwaikwayon ɗumin mutum.

Ƙwayar cuta ɗaya ce a cikinsu, uwa ɗaya uba ɗaya.
Ta sanyi sumul take kamar ƙwai.
Ta ɗumi kuwa ta tsiro gashi ko'ina,
kowane sili da ƙugiya a bakinsa,
ƙarangiya ke nan mai jiran gefen zane.

Wa ya gaya mata ta iso?
Ba ido, ba kunne.
Littafin gadonta dai a naɗe yake,
an ɗaure shafin gashi da igiya tamau.
Sai ɗumin jiki ya taɓa ƙullin,
ya sassauta,
a fara karatu.

A hawa na shida, can ƙetaren titi,
Gunnel na rawar ɗari ƙarƙashin bargo biyu.
Tun Litinin fitsari ke mata zafi, ta yi shiru.
Ranar Alhamis abin ya hau ƙoda.
Uwar Tuva ce. Ita ta saƙa safar da ke ƙafarta yanzu.

Fitsari rafi ne, yana tafiya da duk abin da bai riƙe ba.
Don haka ake gashin.
Amma gashi tsada gare shi,
kuma da shi dakarun jini ke gane baƙo.
Sai ƙwayar ta ajiye wani ɗan guntu cikin rubutunta
mai juyawa kamar sakata:
ya fuskanci gabas, gashi ya fito,
ya juya yamma, a daina.

Ba sa juyawa tare.
Cikin dubu, wasu sun manne a bangon mafitsara,
wasu na yawo da ƙwaryar molo.
In aka kama masu gashi, na sumul sun sulale.
In ruwa ya share na sumul, masu gashi na nan.
Ba wanda ya zaunar da su shawara,
kiɗa ne kawai ya sauya, rawa ta bi.

Tuva ta daɗe tana kallo.
Shekara tara tana bin sakatar nan,
ta san wanda ke tura ta, ta san mai maido ta,
ba ta taɓa jin haushinta ba sai yau.
Ɗan hakin da ta raina a faranti.

Ta rubuta lamba a littafi, ta soke, ta sake.
Ta kashe fitila.
A aljihunta akwai lemo guda da ta manta tun safe,
ta ƙetare titi da shi a tafin hannu,
tana ɗumama shi.