Baba Yana Tureta

Takardar ta ce minti hamsin.
Baba ya juya ta, ya duba bayanta,
ko an ɓoye sauran awoyin a can.

Shekara talatin da ɗaya Jelani Direba
yana ɗaukar Sakkwato yana kai ta Kano
a fijo mai ƙofa biyar,
albasa a sama, mutane a ciki.
Ya san kowane rami da sunansa,
ya san inda taya ke gajiya.
Yau ƙoda ta ƙi, ƙafa ta bi sahunta,
likita ya ce kada hanya ta jijjiga shi.

Mun iso filin jirgi da hantsi.
Aka ce sha ɗaya.
Aka ce ɗaya, a yi haƙuri.
Muka yi azahar a tabarmar masu shara.
Ya dubi agogon bango ya ce,
"Da mota ce, ɗiyata, da yanzu Gusau tana bayanmu,
mun ci tuwo, mun zuba ma inji ruwa."

Ƙanena Modi ya karanta masa a waya:
kilomita kusan ɗari huɗu, a miƙe.
Baba ya yi tsaki.
"Ɗari biyar da 'yan kai.
Da bayana na auna ta."
"Ai sama ba ta da kwana, Baba."
"Hanyar da ba ta da kwana,
ina mutum ka tsayawa ya gai da mutane?"

Da aka zo tura kekensa
ya riƙe mini gefen mayafi.
"Ido zan rufe in tuƙa tawa.
Mu gani, ni da wanga tsuntsu."

Biyu da rabi ya tashi.
Na bi shi da ido har ya koma ƙwayar gero,
har ya koma ba komai.

Na tari mai keke.
Muka tsaya shan mai, layi ya ja.
Na sauka na sayi maganin Inna,
mai shago yana neman canji kamar ya ɓatar da allura.
Ban kai Mabera ba waya ta yi ƙara.
Modi ne. "Mun sauka."
Na ce wasa kake.
Sai ga muryar Baba daga nesa, a shaƙe:
"Luba, ni ina Tureta.
Na baro Shuni, na baro Dange,
ban ko hango Mafara ba,
sun ce in buɗe ido, wai Kano ce.
Jiki kaɗai sunka kawo."

Na shiga gida ban cire takalmi ba.
Inna ta ajiye abinci, na ce tukuna.
Na zauna a dakalin da yake wanke fitilun mota,
na karɓi sitiyari daga inda ya saki.

La'asar sakaliya, Talatar Mafara.
Maru. Bunguɗu.
Magariba ta same ni a Gusau, na yi salla.
Na rage gudu a gindin dutsen Kwatarkwashi
don nan yake cewa a yi addu'a.
Tsafe, da zuciya a hannu.
Funtuwa, shayi mai kauri.
Malumfashi. Gwarzo.

Goma ta gota na leƙa ɗakin Inna.
Ba ta yi barci ba, carbi na tafiya.
Na ce, "Yanzu ya isa."
Ta ce, "Na sani. Ɗauko tuwon."