Lantana ta Farin Gada

Ni ke riƙe mata littafin ciniki,
amma kafin alƙalamina ya kai gindin shafi
ta faɗi jimlar da ka.

A ƙasar Wase aka yanke mata cibiya,
inda kunyar dawa ke miƙewa har ido ya gaji.
Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri
uban ya jinginar da gona kan buhu huɗu.
Ta hau bayan motar gawayi zuwa Jos
da zane biyu da kwandon aro,
sanyin tudu ya tsattsaga mata diddige.

Fasasshen tumatir ta fara saye,
wanda dillalai ke turewa da ƙafa.
Ta yanka, ta shanya bisa dutse,
ta ɓoye kauɗa sai ɗanye ya yi tsada.
Damina biyu ana mata dariya.
A ta uku masu dariyar suka zo rance.

Yau tirela uku ke kai dankalinta Fatakwal.
Bankin da ya ce ta kawo mai tsaya mata
shi ke aiko kalanda.
Gonar kuwa ta fanso ta, ko tayi ba ta yi ba,
sai dai tsohon bai jira ya gani ba.

Jiya muna tsakar ƙirga hadari ya haɗo.
Ta ajiye ɗaurin kuɗi, ta leƙa, ta shaƙi iska.
"Wannan na shuka ne, Ɗanjuma.
Da Baba na nan, yau babu barci."

Ta daɗe a bakin ƙofa.
Na buɗe baki in tuna mata inda muka tsaya,
ta riga ni.