Jirgin Dusa

A Kakuri, bayan tsohon layin dogo
inda ciyawa ta binne ƙarfe,
ina da baho uku cike da dusar alkama,
ina kiwon tsutsa saboda kajina.

Barira jikata ta aro gilashin makaranta,
mai mayar da ƙwayar gero kamar goro.
Ta ce, "Kaka, tono mana guda."
Na tono. Ta kwanta a tafina,
launin zuma, da sheƙi da santsi,
tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba.

Muka shiga ƙirgen gaɓoɓinta.
Barira ta samu sha biyu, ban da kai,
ni na samu sha uku.
Ta ce idona ne. Ban musa ba.

Ƙafa shida, dukansu a gaba,
cunkushe a gaɓa ukun da ke bin kai.
Sauran jikin ba ko ɗaya,
jan sa ake yi.
Can a wutsiya wasu 'yan turaku biyu
suna dafa ƙasa, suna ɗan tunkuɗawa,
kamar leburan da ya makara.

Na ce, yarinya, ai wannan na san shi!
Shekara talatin da ɗaya ina reluwe.
Ga kan jirgi, ga taragai na bin sa,
in kai ya karkata, sai na farko ya karkata,
na ƙarshe bai ji labari ba tukuna.
Har tagogi gare ta:
dubi ɗige-ɗigen nan a haƙarƙari,
ta nan take shan iska, ba ta da hanci.

Bakinta awartaki ne, gefe da gefe yake buɗewa.
Ƙahoni biyu gajeru, na lalube.
Ido kuwa suna ne kawai,
iyakarsa ya ce mata ga haske, gudu.

Ba ƙashi a ciki. A waje ta sa shi, kamar riga.
In rigar ta matse sai ta tsage ta ƙeya,
ta sulale, ta fito fara fat kamar kindirmo,
ta bar saɓar a kan dusa
iskar fanka na wasa da ita.
Kafin gobe ta sake rinewa.

Barira ta ce, "To ina tasharta?"
Na ce wata rana za ta lanƙwashe ta yi shiru,
ba ci, ba tafiya,
ta farka baƙin ƙwaro mai fiffike,
in har wake-waken kazar can ba ta riga ta ba.

Kazar kuwa tana bakin ƙofa, ta karkato kai.

Yarinyar ta karɓe ta daga hannuna,
ta sauke ta a baho a hankali.
Kai ya nutse, ƙafafu suka haƙa,
taragai suka bi ɗaya ɗaya,
ba usur, ba hayaƙi.
Dusa ta ɗan motsa, ta rufe.

Na daɗe ina kallon wurin.
Haka nake tsayawa a da,
da fitila a hannu, bayan na dare ya wuce.