Tarin Akuyar Agogo

Shekara ashirin da biyu ina zaune bayan gilashi
a wani ɗaki marar taga a Burbank,
kunne a toshe, yatsu kan maɓallai,
ina tsince numfashin mutane
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

A nan na fara ganin Lorraine Pasko.
A bas ta zo, da laima mai karyayyen haƙarƙari
da zuma a kwalbar magani.
Ba wanda ya miƙe ya ba ta kujera.
Aka nuna mata zane:
tsohuwar akuya mai gyaran agogo,
tabarau a ƙarshen hanci, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya.
Ta dube ta har shayinta ya huce,
ta tuɓe takalmi, ta ɗan ranƙwafa,
ta buɗe baki,
sai akuyar ta yi tari.

Tarin nan ba ya cikin takarda.
Masu zane suka koma tebur mako shida
don su yi wa tarin kafaɗar da za ta girgiza.

Fim ya fita. Yara suka kwashi tarin
suka kai shi makaranta, suka kai shi wurin cin abinci.
Kuɗi ya shigo ta ƙofa, ya shigo ta taga.
Kuma in kuɗi ya shigo haka,
ba ya barin labari ya kwanta inda ya ƙare.

Kashi na biyu.
A hawa na tara aka yanke magana:
ana son sunan da zai cika allon bakin titi.

Tauraruwar ta iso da mutum huɗu,
ɗaya riƙe da ruwa, ɗaya riƙe da kare.
Awa uku ta ba mu, tsakanin jirgi da jirgi.
Murya kam, ba a magana, sumul kamar man shanu.
Amma ko ina ta juya, kanta take tararwa.
Sai aka gyara akuyar ta dace da ita:
aka daidaita ƙaho, aka faɗaɗa ido,
aka karɓe tabarau,
aka tura ta duniyar wata ta yi rawa.
Agogo ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Kada in ci haƙƙinta.
Ta tambaye ni ta cikin gilashi,
wace ce ta yi ta a da?
Na faɗa. Ta yi shiru.
Mai riƙe da ruwa ya dubi wuyan hannunsa.

Sau goma sha ɗaya ta gwada tarin.
Tari ne na mai lafiya.
Darakta ya sunkuyo ya ce mini a kunne,
ɗauko tsohon.
Da hannuna na yanko shi, daƙiƙa ɗaya da rabi,
na ɗinke shi a tsakiyar muryar wata.
Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.
Na bi jerin sunaye har ƙasa, har masu dafa abinci.
Babu Pasko.

Ranar Asabar na kai ’yata Wren kallo.
Gugguru a cinya, ƙafa ba ta kai ƙasa.
Can ta ja hannun rigata:
Baba, akuyar nan ta haɗiye wata mata.
Sai tarin ya zo.
Ta zabura, gugguru ya watse,
ga ta nan!
Ta jira.
Ta jira har aka kunna fitilu.

Yanzu Lorraine ce muryar wayar
wani asibitin haƙori a Glendale.
In dare ya yi nakan buga,
ta ce mini an tashi, in kira da safe,
in kuwa ciwon ya yi tsanani, in danna ɗaya.

Ban taɓa dannawa ba.
Ranar Litinin za mu fara kashi na uku.