Dunduniya Waje

Griet ce ta saya min, 'yata,
ranar da na cika hamsin da uku:
farin takalmi mai tauri kamar faranti,
da ɗan ƙarfe a tafinsa, bai kai babban yatsa ba.
Na gwada shi a gidan burodina,
ƙwas, ƙwas, tafiyar agwagwa a kan tayil.

Wannes mai gyaran keke ya ɗaura fedar,
ya riƙe min sirdi kamar ɗan shekara biyar.
Ya ce, "Shiga ba wuya, Lieven, dannawa ce.
Fita ce karatun. Murɗa dunduniya waje
tun kafin ka tsaya."
Na ce na ji.
Ni da na shekara talatin ina murɗa ƙullu,
wa zai koya min murɗawa?

Laraba, bayan na sayar da na safe,
na bi gaɓar Schelde, garin Gent na bayana.
Jirgin yashi na jan ciki a ruwa, na wuce shi.
Ashe ƙafa tana ja, ba turawa kaɗai ta iya ba.
Ashe duk shekarun nan rabin da'ira nake tuƙawa,
sauran rabin ina barin sa ga sa'a.
Iskar teku ta mari kunnena, ban kula ta ba,
sarƙa na ta 'yar waƙarta a ƙasa,
ni da keke mun zama dabba ɗaya
mai numfashi da hancina.

Sai danja a Zwijnaarde ta yi ja.

Na ja birki, na tsaya cak.
Kai ya ce wa ƙafa sauka,
ƙafa ta ce an ɗaure ni.
Ban san faɗuwa na da lokacin tunani ba:
na ga tagar kantin magani, na ga gajimare,
na tuna ban biya kuɗin fulawa ba,
sannan tim,
ni da keken a kwance, har yanzu ba mu rabu ba.

Tsohuwa Godelieve, mai sayen rabin burodi kullum,
ta sunkuyo da lemarta, ta ƙare min kallo.
"Ka karye?"
"A'a."
"To gobe kada ka ƙona min ɓawon."

An ce faɗuwa takan zo daidai da zama.
Tawa ta zo daidai da motar 'yan makaranta.

Saura wata biyu gasar unguwa,
kilomita ashirin a keke, biyar a ƙafa.
Ina sauka na sauya takalmi na kama gudu,
sai cinyoyi suka ce ba su san ni ba.
Kamar an ara min ƙafafun wani,
wani gajere, mai jin haushina.
Ƙasa ba ta juyawa kamar feda,
sai ka ɗaga, ka ajiye, ka sake ɗagawa.
Jini ya bushe a gwiwa, safa ta manne.
Wajen gada ta biyu suka dawo, nawa,
ba sallama, ba ban haƙuri.

Griet ta kira da dare, "Baba, yaya?"
Na ce sau ɗaya.
Ta yi dariya, ta ce ita sau huɗu,
ɗaya ma a cikin falo, tana riƙe da bango.

Yanzu ƙarfe uku na dare, tanda na huci,
hannuna cikin ƙullu har gwiwar hannu,
ba kowa a titi sai ruwan sama.
Na duba ƙasan tebur:
dunduniyar hagu, ita kaɗai, cikin silifas,
tana murɗawa waje,
ta dawo,
ta sake murɗawa.